LAMBU BA ƘASA: A GWADA KAFIN A YI SHELA

Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar Gaya ko Ajingi ya san yadda tukunyar miya ta kan rame in rani ya tsaya. Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce wata huɗu ba, watau daga Yuni zuwa Satumba. In kaka ta wuce, yakuwa da rama da alayyafon bayan ɗaki suka ƙare, sai uwargida ta koma kan kuka da busasshiyar kuɓewa. Mai fadama ya kan sami sauƙi, amma ba kowa ke da fadama ba. Sauran jama'a sai su jira abin da mota ta kwaso daga Kura da Kadawa, ya biyo ta 'Yankaba ko Wudil, kafin ya iso ya yi yaushi, kuɗinsa kuwa ya hau. Ba mu raina kuka ba, ita ta rene mu. Amma yaro mai tasowa da mace mai ciki suna bukatar ɗanyen ganye, don a cikinsa a ke samun abubuwan da ke ƙara jini da kiyaye lafiyar ido.

Saboda haka ne mu ke so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawunan hukuma ga wata dabara ta shuka kayan miya a cikin ruwa, ba tare da ƙasa ba, wadda Turawa ke kira haidirofonik. Wanda ya ji wannan da farko sai ya ce tatsuniya ce. Ba tatsuniya ba ce, kuma ba sabon abu ba ne. Tun wajen shekarar 1860 waɗansu masana biyu na ƙasar Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa tsiro ba ƙasa ya ke ci ba. Abin da ya ke nema a wurinta huɗu ne: ruwa, da gishirin abinci da ke narke cikin ruwan, da iska, da wurin da zai kafa ya tsaya. In an ba shi waɗannan ta wata hanya, ba ruwansa da ƙasa. A 1929 wani malamin Jami'ar Kalifoniya a Amurka, William Gericke, ya fara kiran manoma su yi aiki da wannan ilmi, a 1937 kuma ya yaɗa sunan da a ke kiransa da shi yau.

To, galibin irin wannan noma na masu hali ne, don yana bukatar famfo da bututu da wutar lantarki mai tsayawa dare da rana. Wannan bai shafi mutumin ƙauye ba. Wanda ya shafe mu shi ne na wani masani na Jami'ar Hawai, Bernard Kratky, wanda ya bayyana shi filla-filla a 2009, har a ke kiran dabarar da sunansa. Nasa ba famfo, ba lantarki, ba ban ruwa safe da yamma.

Ga yadda a ke yi. A sami bokiti mai murfi ko jarka, a huda murfin daidai bakin ƙaramin kofin roba. A huhhuda gindin kofin da gefensa, a zuba masa ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa da aka wanke, ko ɓarɓashin gawayi, a dasa ɗan tsiron a ciki. Sa'an nan a cika bokitin da ruwan da aka narka taki a ciki, har ya taɓa gindin kofin kaɗan. Shi ke nan, sai a ajiye shi inda rana ta ke samunsa. Tsiro zai yi ta sha, ruwa na ja da baya, saiwa na bin sa ƙasa. Tsakanin murfi da ruwa sai a sami fili mai laima, saiwoyin da ke cikin wannan fili su ne ke shaƙar iska, na ƙasa kuwa su ke shan ruwa. Nan asirin dabarar ya ke. Wanda ya ga ruwa ya ragu, tausayi ya kama shi, ya sake cika bokitin har baki, to, ya nutsar da saiwoyin numfashi, kwana kaɗan zai tarar shukarsa ta kwanta. In ƙari ya zama tilas, sai a ƙara kaɗan, a bar filin iskar nan yadda ya ke.

Kan latas ɗaya ya kan sha kamar lita 4 daga dasawa har cira, cikin mako biyar ko shida, ko da ya ke a zafi irin namu sai an yi masa tanadin fiye da haka. Wanda ya taɓa jan guga don ban ruwan fangali ɗaya a cikin yashi ya san bambancin. Abin da ya fi karɓar wannan dabara shi ne ganye mai saurin isa: latas, da alayyafo, da lansir, da na'ana'a, da ɗoɗɗoya. Tumatir da attaruhu su ma suna yi, amma sai da babban mazubi da ƙarin ruwa a kai a kai. Masu yin 'ya'ya a ƙasa kuwa, kamar karas da dankali, a bar su a gonarsu.

Kada wani ya ce abin na ƙasashen Turawa ne. A Dakar, babban birnin Senegal, tun 1999 gwamnatin ƙasar tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga koya wa mutane, yawancinsu mata, shuka kayan miya a kan ɗan teburin katako da aka shimfiɗa wa leda, a tsakar gida ko a kan bene. Abin da su ke zubawa maimakon ƙasa kuwa shi ne ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa, watau abin da mu a Kano mu ke zubarwa ko mu ƙone. Babban amfanin abin a wurinmu ke nan: matar da ba ta fita, da tsohon da ƙarfinsa bai kai ga garma ba, da ɗan haya wanda ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, duk suna iya yi.

Amma fa ba za mu ɓoye wa masu karatu wahalarsa ba, don yabon da ba gaskiya cikinsa shi ke kashe abu mai kyau.

Ta fari ita ce taki. A gona, ƙasa ce ke cike giɓin abin da takin zamani bai kawo ba. A bokiti kuwa, abin da ka zuba shi kaɗai tsiro zai samu. Kamfa da mu ka saba da ita abu uku ta ƙunsa: naitirojin, da fosfaras, da fotash. Tsiro na neman kalsiyam da maganiziyam da ɗan sinadarin ƙarfe da waɗansu ƙanana bayan waɗannan. Yuriya ba ta dace da wannan aiki ba. Kashin dabbobi da aka jiƙa kuwa ruɓewa ya ke yi, ya yi wari, ga hatsari ga ganyen da za a ci ɗanye. Akwai taki na musamman da a ke haɗawa don haka, kuma kaɗan a ke sa wa, kamar cikin ƙaramin cokalin shayi a lita 4, sai dai ba a tarar da shi a kowace kasuwa. In ba a warware wannan ba, sauran magana banza ce.

Ta biyu zafi. Daga Maris zuwa Mayu, ruwan da ke cikin roba a rana ya kan ɗumama ainun, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai, sai saiwa ta ruɓe. Lokacin da abin ya fi sauƙi shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bazara sai a binne bokitin cikin jiƙaƙƙen yashi, ko a naɗe shi da buhun algarara, a yi masa rumfar zana daga rana ta tsaka. Kuma lalle mazubin ya zama wanda haske ba ya ratsawa, in ba haka ba gansakuka za ta cinye takin.

Ta uku sauro. Ruwan da ke tsaye gidan sauro ne, mu kuwa zazzaɓin cizon sauro bai bar mu ba. Tilas murfi ya rufu ruf, a toshe kowace kafa da ƙyallen gidan sauro. Wanda ba zai iya kiyaye wannan ba, gara ya bari, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Har wa yau, kada a kuskura a yi aiki da jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur, kuma a guji ruwan rijiya mai zartsi.

To, ina abin yi? Mun sha ganin shiri mai kyau ya zo da kiɗa da jawabi, a kafa allo, a ɗauki hoto, bayan wata uku ba abin da ya rage sai allon. Ba ma so wannan ya bi sahunsu. Abin da mu ke roƙo ƙarami ne. Kowane malamin da ya karanta wannan ya nemi bokiti uku, ya gwada a gidansa ko a bayan aji cikin hunturun nan. Ya buɗe littafi, ya rubuta ranar dasawa, da yawan ruwa, da irin takin, da abin da ya kashe, da abin da ya cira. In shuka ta mutu, ya rubuta ta mutu, don wannan ma ilmi ne. Ya sa yara su riƙa auna ruwan da tsawon saiwa kowane mako, ga lissafi, ga kimiyya, duk a bokiti ɗaya. Akawunan sashen gona na ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi kuwa, su tattara waɗannan littattafai, su kai wa Hukumar KNARDA da malaman aikin gona na jami'ar da ke Wudil, su roƙe su su fitar da haɗin taki wanda ya dace da ruwan rijiyoyinmu, a riƙa ƙulla shi ƙanana yadda mace za ta iya aiken yaro ya sayo mata.

Kada malami ya raina kansa. Marigayi Muhammad Bah Abba malami ne a Dutse, nan maƙwabtanmu, da ya ɗauki tukunya biyu, ya sa ɗaya cikin ɗaya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa kwana da kwanaki ba su lalace ba. Ya fara raba su a ƙauyuka da kuɗin aljihunsa, har a shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Gaya kuwa ba baƙuwa ba ce ga aikin hannu, tun da masu tarihi sun ce maƙeranta ne suka fara sauka gindin Dala neman tama.

Wannan dabara ba za ta maye gurbin gero da dawa ba, ba kuwa za ta rufe kasuwar masu lambu ba. Iyakarta ta sa ɗanyen ganye a tukunyar da ba ta da shi. In gwaji ya nuna kuɗin taki ya fi kuɗin latas a kasuwa, sai mu faɗa wa jama'a gaskiya, mu nemi wata hanya. In kuwa ya yi kyau, ba sai an yi shela ba: maƙwabciya za ta leƙo ta kan katanga ta tambaya, don gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace, amin.