Horse Chestnut da Kumburin Ƙafa: Wa Yake Yi Wa Amfani, Wa Yake Cutarwa?

A 'yan shekarun nan tallan magungunan ganye na ƙasashen waje ya yawaita a Facebook da WhatsApp, har kayan sun fara isa kemis-kemis da kasuwannin ƙauye a yankin Dambatta, Bichi, Makoɗa da Kunchi. Ɗaya daga cikinsu shi ne horse chestnut, wanda ake tallatawa a matsayin maganin kumburin ƙafa da jijiyoyin jini. Kafin ka kashe kuɗin gyaɗarka ko na geronka a kansa, ya kamata ka san abin da yake yi da abin da ba ya yi.

Mene ne shi?

Bishiya ce da asalinta yake yankin Balkan a kudu maso gabashin Turai, ba ta tsirowa a ƙasar Hausa. Daga 'ya'yanta ake tace wani sinadari mai suna aescin, wanda ke rage tsiyayar ruwa daga ƙananan jijiyoyin jini zuwa cikin tsoka.

Cutar da aka fi gwada shi a kanta ita ce raunin jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. A cikin waɗannan jijiyoyi akwai 'yan ƙofofi da ke hana jini komawa ƙasa. Idan suka lalace, sai jini ya taru, jijiyoyi su fito su murɗe, ƙafa ta yi nauyi da ƙaiƙayi, ta kumbura da yamma, wani lokaci har gyambo ya fito kusa da idon sawu. An fi ganin haka ga masu doguwar tsayuwa da matan da suka yi haihuwa da yawa.

Me bincike ya nuna?

A 1996 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Jamus kan mutum 240 na tsawon mako 12, inda aka ga tataccen maganin ya rage kumburi kusan daidai da safa mai matse ƙafa. A 2012 kuma cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 17, ta ce yana rage ciwo da kumburi na ɗan lokaci. Sai dai ba ya gyara ƙofofin da suka lalace, kuma ba ya mayar da jijiyar da ta riga ta fito.

Inda haɗarin yake

A karkararmu, kumburin ƙafa sau da yawa ba daga jijiya yake ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a tsakanin matan Hausawa, kusan mace ɗaya cikin 100 da suka haihu, kuma binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta ya tabbatar har yanzu cutar tana nan. Maijego da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya rigingine, zuciyarta ce ke gazawa, gishirin da ke cikin kunun kanwa kuma yana ƙara tara mata ruwa. Duk kwanan da ta yi tana shan maganin ganye, jinkiri ne da zai iya cin ranta.

Haka nan ciwon ƙoda, ciwon hanta, tundurmi da hawan jinin masu ciki duk suna kumbura ƙafa.

Shi kansa maganin yana da illa. Ɗanyen ƙwallonsa, ganyensa da ɓawonsa guba ne. Yana iya ƙara zubar jini ga mai shan warfarin ko asfirin, kuma ba a ba mai ciki, mai shayarwa, ko mai ciwon ƙoda ko hanta. Lambar NAFDAC a jikin maganin ganye ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da mai talla ya faɗa.

Garzaya asibiti idan:

Ƙafa ɗaya ce ta kumbura farat ɗaya, da zafi da ciwo, domin yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya.
Akwai haki, tari da dare ko ciwon ƙirji.
Fuska ta kumbura ko fitsari ya ragu.
Mai kumburin tana da ciki ko tana jego.

Idan likita ya tabbatar raunin jijiya ne, ka fara da abin da ba ya cin kuɗi: ɗora ƙafa kan matashi sama da ƙirji idan ka kwanta, yawan tattaki, rage doguwar tsayuwa, da sa safa mai matse ƙafa. Horse chestnut yana iya zuwa daga baya, bisa shawarar likita. Awon hawan jini da na fitsari a asibitin da ke kusa da kai su ne matakin farko.