Kada a yi kitso da ƙwarƙwata

Kowace shekara, da zarar salla ta wuce, akan ji rigima ta tashi a shagunan kitso na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Makitsiya ta ce an cinye mata gumi, mai shago ta ce an yi mata butulci. Maganar takan kai gaban mai unguwa, wani lokaci har kwamisariya, a ɓata yini ana rantse-rantse, a watse ba a san mai gaskiya ba. Al'amarin ba ƙarami ba ne, domin kitso sana'a ce mai ciyar da gidaje da yawa. Da ita zawarawa ke biyan haya, da ita ƴan mata ke haɗa kayan ɗaki, da ita wasu iyaye ke riƙe ƴaƴansu a lakkol. Saboda haka ya kamata a duba tushen wannan rigima da idon basira.

A ɗauki misalin wata yarinya a wata unguwa ta Maraɗi. Uwarta ce ta kai ta wurin wata hajiya mai shago, ta ce: "Hajiya, ga ɗiyarki nan, amana ce." Hajiya ta karɓa, ta ce ai ɗiyar wani ɗiyar kowa ce. Yarinya ta yi shekara 3 tana shara, tana wanke kawuna, tana tsifa, tana miƙa matsefi, har hannunta ya faɗa. Da ta ƙware sai Hajiya ta ce mata: "Daga yau kashi ɗaya cikin uku na duk kan da kika kitsa naki ne." Yarinya ta durƙusa ta yi godiya. Ba a kira shaidu ba, ba a rubuta kome ba, don a ganinsu neman takarda tsakanin uwa da ɗiya rashin kunya ne.

Ga satin salla ya zo. A ce ta kitsa kai 4 kowace rana, kwana 6, wato kai 24, kowane kai jika 3. Kuɗin ya kama jika 72. Yarinya ta yi lissafinta a zuci: kashi ɗaya cikin uku jika 24 ne. Hajiya kuma ta yi nata lissafin: ta fara cire kuɗin meshi da mai da kuran da abincin rana, jika 30, saura jika 42, ta raba uku, ta miƙa mata jika 14. Tsakanin lissafin biyu akwai jika 10. Yarinya ta ce: "Hajiya, ba haka muka yi da ke ba." Hajiya ta ce: "Ke, ɗiyar nan, yaushe kika fara ƙirga mini kuɗi?"

In an lura da kyau, babu ɓarauniya a cikinsu. Kowace tana da gaskiya bisa ga abin da ta fahimta, domin ranar da aka yi alkawari ba a faɗi ko rabon kafin a cire kuɗin kaya ne ko bayan an cire ba. Ƙwarƙwatar tun ran nan take cikin gashi, aka ɗora kitso a kanta.

Daga nan sai zancen tafiya ya taso. Yarinya ta ce za ta koma yin kitso a gidansu. Hajiya ta riƙe rabonta na ƙarshe, ta tuna mata da shekara 3 na koyo, da bashin da ta ba ta lokacin da uwarta ta kwanta asibiti, ta kuma ce ba ta yarda ta taɓa kan ko mace ɗaya daga cikin masu zuwa shagonta ba. Yarinya ta ɗauke ƙafa ba sallama, a daidai lokacin da aka karɓi kuɗin kitson wata amarya da ƙawayenta. Zumuncin shekaru ya rushe cikin yini guda, uwar yarinya da Hajiya suka daina gaisawa.

Daga zaure zuwa shago

A da, makitsiya ba ta da uwar ɗaki a sana'a. A tsakar gida take zama, ko a gindin bishiya, mai kitso ta kwantar da kai bisa cinyarta, a yi doka ko zane da man shanu da tsinke, a ba ta ladanta hannu da hannu. Jarinta yatsunta ne kawai. Shagon zamani ya canza wannan tsari. Yanzu akwai ɗaki na haya, da madubi, da kujeru, da injin busar da gashi, da gashin kanti da ake kira meshi. Mai jari daban, mai hannu daban. Amma har yanzu ana tafiyar da abin da harshen gida, ana cewa uwa da ɗiya, alhali kuwa ciniki ne ake yi wanda kuɗi ke shiga da fita kullum. Girmamawa abu ne mai kyau, ba wanda ya ce a bar ta. Sai dai idan ta zama dalilin da zai hana ƙarama tambayar haƙƙinta, ko ta hana babba bayyana abin da take kashewa, to ta zama murfin rigima.

Adalci ne a faɗi nauyin da ke kan mai shago. Ko an yi ciniki ko ba a yi ba, haya tana jiranta a ƙarshen wata, takardar kuran ta NIGELEC tana zuwa, masu karɓar patanti ba su mantawa da ƙofarta. Yawancin meshi da mayukan gashi daga Nijeriya suke shigowa, na Maraɗi ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Lokacin da aka rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma daga Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, kaya sun yi wuya, sun yi tsada. A karo na biyun har kuran da ke zuwa daga Nijeriya aka yanke, injuna suka tsaya, aikin dare ya koma na fitila. Ga kuma watanni marasa ciniki, kamar farkon azumi da tsakiyar damina, waɗanda mai shago ke ciyar da yara daga aljihunta. Makitsiyar da ba ta taɓa ganin waɗannan takardu ba takan ɗauka duk abin da ya shiga akwati riba ne.

Haka nan adalci ne a faɗi nauyin da ke kan makitsiya. Ita ke sunkuye tun hantsi har tsakar dare a satin salla. Ita ke fama da ciwon baya da na wuya da kumburin yatsu, ita ke sa hannu cikin magungunan miƙar da gashi masu cin fata. Ranar da ta kwanta ciwo ba ta da ko dala. Ranar da ta haihu aikinta ya tsaya. Idan ƙarfinta ya ƙare babu abin da aka aje mata. Kuma shekarun koyo ba kyauta aka ba ta ba: sharar da ta yi, da wankin kai, da aike, duk aiki ne da shago ya ci moriyarsa.

Abin da doka ta tanada

Ƙasar Nijar tana da dokar ƙwadago mai lamba 2012-45, ta ranar 25 ga Satumba 2012. Wannan doka ba ta ma'aikatan ofis da na masana'antu kaɗai ba ce. A wurinta, ma'aikaci shi ne duk wanda ya sa aikinsa ƙarƙashin umurnin wani domin a biya shi. Saboda haka idan mai shago ce ke yanke lokacin buɗewa da na rufewa, ita ke yanke farashi, ita ke cewa wannan ta kama kan wance, to makitsiyar ma'aikaciya ce, ko da ana biyan ta da kashi ne ba da albashin wata ba, kuma ko da babu takarda a tsakaninsu.

Ma'aikaci yana da haƙƙoƙi sanannu. Lokacin aiki na doka awa 40 ne a sati, abin da ya ɗara haka yana da nasa lada. Akwai albashi mafi ƙanƙanta wanda bai halatta a gaza shi ba: a 2012 an tsaida shi a tamma 30.047, daga baya aka ɗaga shi zuwa jika 42 a wata. Wajibi ne mai ba da aiki ya rubuta ma'aikacinsa a asusun kula da ma'aikata, wato CNSS, wanda ke taimakawa wajen haihuwa da hatsarin aiki da tsufa. Koyon sana'a kuma dokar ta ce a yi shi bisa yarjejeniya rubutacciya, a san farkonsa, a san ƙarshensa.

Game da tafiya, maganar a fili take. Wanda aka ɗauka aiki ba tare da an yanke wa'adi ba yana da ikon barinsa, amma sai ya ba da sanarwa tun da wuri, kamar yadda shi ma ba a korarsa farat ɗaya ba tare da babban laifi ba. A nan yarinyar ta yi kuskure, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kitson amaryar da aka karɓi kuɗinsa haƙƙi ne a wuyan shago duka. Ita ma Hajiya ta yi kuskure da ta riƙe rabon da aka riga aka yi wa aiki. Bashi ana biyansa da kuɗi, a hankali, bisa yarda. Ba ya zama igiyar ɗaure mutum a wurin aiki, kuma dokar ta haramta aikin tilas. Mai tafiya yana da haƙƙin a ba shi takardar shaidar aiki, wadda ke nuna ranar da ya fara da ranar da ya bari. Idan an kasa daidaitawa, ofishin inspektan ƙwadago yana nan a manyan garuruwan jihohi, aikinsa na farko sulhu ne, sai in sulhu ya ƙi a tafi kotu.

Saura zancen masu zuwa kitso. Kan mace nata ne, inda ta ga dama take kai shi. Mai shago ba ta saye su ba, makitsiya ba ta gaje su ba. Abin da bai dace ba shi ne makitsiya ta riƙa raɗa wa mata a cikin shago cewa su same ta a gida da rangwame, ko ta ɓata sunan wurin da ta koyi sana'a. Abin da bai dace ba daga ɗaya ɓangaren shi ne a bi yarinya da sharri a gari don kawai ta tsaya da ƙafarta.

Kaye ɗaya da bik ɗaya

Gaskiya ne ƙananan shaguna da yawa ba za su iya biyan jika 42 kowane wata ba. To, sai a faɗi haka tun farko, a zaɓi tsarin da ya dace: ko koyo mai wa'adi, ko aiki da albashi, ko kuwa makitsiya ta zama mai zaman kanta, ta riƙa biyan kuɗin kujera, ta riƙe lokacinta da farashinta. Abin da ke kawo ɓarna shi ne a haɗa ukun a tukunya ɗaya: ran ba da umurni ita ma'aikaciya ce, ran biya ita ƴar koyo ce, ran asara kuma abokiyar tarayya ce.

Maganin ba shi da tsada. Takarda ɗaya ta isa, a gaban shaidu biyu, ɗaya daga dangin yarinya, ɗaya daga ɓangaren mai shago. A rubuta shekarun koyo. A rubuta kashin kowa, a kuma bayyana ko kafin cire kuɗin kaya ne ko bayansa, da irin kayan da za a cire. A rubuta ranar biya, da ranar hutu, da kwanakin sanarwa kafin rabuwa. Sa'an nan a aje kaye a shago, kowane kai da aka kitsa a sa shi da kuɗinsa, kowane bashi da ranarsa, su biyu su sa hannu da maraice. Ba dole sai da Faransanci ba. Hausa ta isa, da boko ko da ajami, balle tun 2025 ita ce harshen ƙasa. Matar da ta yi karatun manya ta iya ƙirga da rubutu, a nan karatunta zai yi mata rana, ya kuma yi wa maƙwabtanta da ba su samu zuwa ba.

Akwai kuma al'ada mai kyau da teloli da makanikai suka riƙe, wato yaye. Idan yaro ya ƙware, ubangidansa yakan tara mutane, a yi addu'a, a sa masa albarka, wani har ya ba shi abin fara aiki. Masu shagunan kitso su ma su rungumi wannan. Yarinyar da aka sallama da albarka takan zama reshen uwar ɗakinta: ran da aiki ya yi yawa ta zo ta kama mata, ran da aka yaba hannunta ta ce wurin Hajiya ta koya. Wadda ta fita da hawaye kuwa kishiyar sana'a aka haifa a bakin ƙofa.

Ma'aikatan hukuma suna da nasu rabo a wannan aiki. Ya kamata masu duba harkokin ƙwadago su riƙa shiga unguwanni suna bayani, kada su jira sai an kawo ƙara. Ya kamata majalisar masu sana'o'in hannu da ƙungiyoyin mata su shirya samfurin yarjejeniya mai shafi ɗaya cikin harsunan ƙasa, a raba wa shaguna, a kuma karanta shi a gidajen rediyo kafin kowace salla. Masu unguwanni da ake kai wa ƙara su fara da tambaya ɗaya: ina kaye? In babu, kada a tashi daga zaman sulhu sai an buɗe shi.

Iyaye ma su gane cewa neman takarda ranar da aka kai ɗiya koyo ba zargi ba ne ga mai shago. Kare mutuncinta ne, da na yarinya, da zumuncin gidajen biyu. Makitsiyar kirki ba ta fara kitso sai ta tsefe kai ta duba shi tsaf. Allah ya sa masu sana'a su yi wa alkawarinsu irin wannan dubawa tun kafin salla mai zuwa.