Bashin Ilmi Tsakanin Nijeriya da Sudan

 Ya ku 'yan'uwa masu karatu, ku sani akwai wani bashi a wuyan ƙasarmu Nijeriya wanda ba a rubuta shi cikin littafin baitulmali ba, shi ne bashin ilmi da ƙasar Sudan take bin mu. Lokacin biyansa ya yi, gama mai bashin ya shiga ƙunci, ko da yake bai aiko manzo ya tambaya ba. Nufinmu yau mu bayyana asalin wannan bashi, da abin da ya sami mai shi, sa'an nan mu faɗi hanyar da muke gani ya kamata gwamnatocin ƙasashen biyu su bi.

Tun kafin a san jirgin sama, ta Sudan alhazanmu suke ratsawa, a ƙasa da bisa jakuna da raƙuma, su bi ta Fashir da Ubayyid har su kai bakin Bahar Maliya. Waɗansu su yi shekaru a hanya suna noma suna karatu, waɗansu su zauna can ke nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya wuce gabas da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wannan zumunci ne na talakawa, wanda ƙafa ta ƙulla. Amma na hukuma, watau wanda gwamnati ta shirya da gwamnati domin ilmi mai zurfi, a 1934 ya soma.

A wannan shekara, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano domin horon alƙalai da malaman kotu na lardunan Arewa. A lokacin ƙasashen biyu duk suna hannun Ingilishi, saboda haka hukumar nan ta roƙi hukumar can, aka aiko shehunai uku waɗanda suka yi karatu a Kwalejin Gordon ta Hartum, babbansu Shehu Bashir ar-Rayyah. Dalilin zaɓen Sudan a fili yake. Mazhabarsu Malikiyya ce irin tamu, Larabci kuwa harshensu ne na gida. Littattafan fiƙihu da malamanmu suka sani tun a zaure su ne aka ci gaba da karantawa. Abin da baƙin suka kawo sabo shi ne tsari: aji bayan aji, da sa'a ƙayyadajjiya ga kowane fanni, da jarrabawa, da takardar shaida. A 1947 aka faɗaɗa makarantar, aka mai da ita Makarantar Nazarin Larabci.

A 1954 tafiya ta juya, aka aika samarin malamai daga nan zuwa Bahtar Ruda, makarantar horon malamai da ke kusa da Duwaim a bakin Farin Nilu. Cikinsu akwai Abubakar Mahmud Gumi, da Haliru Binji, da Shehu Galadanci. Gaskiya ne Turawa suna da tasu manufa, gama ba su so ɗalibanmu su tafi Azhar su sha siyasar Masar ta wancan zamani. Amma ko mene ne nufin mai aike, 'yan aiken sun komo da guzuri mai albarka.

Sudan ta sami mulkin kai a 1956, Nijeriya a 1960, zumuncin bai yanke ba. Shehu Awad Muhammad Ahmad, mutumin Sudan, shi ne farkon Alƙalin Alƙalai na Jihar Arewa, a 1962 kuwa Malam Abubakar Gumi ya gaje shi. Shehun malami Abdullahi ɗayyib, wanda ya shahara ga sanin waƙen Larabawa, ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero daga 1964 zuwa 1966, sa'an nan ya koma gida, daga baya ya shugabanci Jami'ar Hartum. Kujerar da ya bari a Kano, bayan 'yan shekaru Malam Shehu Galadanci ya zauna a kanta, kwalejin kuwa ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977. To, ku lura da wannan, gama a nan darasin yake. Baƙo ya zo ya karantar, ya yi magaji daga cikin 'yan gida, ya koma garinsu da mutuncinsa. Wannan shi ne ma'aunin da za a auna kowace yarjejeniyar ilmi tsakanin ƙasa da ƙasa. In wa'adi ya cika ba a ga magaji ba, an yi liyafa ne kurum, an sa hannu an watse.

Daga baya hanyar ta ƙara faɗi. Cibiyar Musulunci ta Afirka da ke Hartum, wadda ta zama Jami'ar Afirka ta Duniya a 1992, ta yaye 'ya'yanmu masu yawan gaske. Karatun kuma ya wuce Larabci da fiƙihu, ya kai ga likitanci da haɗa magunguna da injiniya. Gwamnatocin jihohin Arewa da dama sun riƙa aika 'yan mata koyon aikin likita a can, domin kuɗin da sauƙi, iyaye kuma hankalinsu ya fi kwanciya da ƙasar da al'adarta ta yi kusa da tamu. Mace nawa ce a asibitocinmu ta sami likita mace 'yar'uwarta ta wannan hanya? Allah kaɗai ya san adadi.

Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum tsakanin sojan gwamnati da rundunar nan da ake kira RSF. Jami'o'i suka rufe, aka wawashe ɗakunan bincike, malamai suka watse, waɗansu Masar, waɗansu ƙasashen Larabawa na Gabas, waɗansu ƙauyukansu. Gwamnatin Nijeriya ta kwashe mutanenta fiye da 2,000, galibinsu ɗalibai. Waɗansu aka bi da su cikin motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a hamada kafin su hau jirgi a Aswan, waɗansu kuma ta Fot Sudan. Wannan aiki abin yabo ne, ba mu rage shi ba. Sai dai mu tambayi kanmu: mun ɗauko almajirai, ina muka bar malamansu?

Domin a san girman abin da ya salwanta, ga misali biyu daga fannin kimiyya. Na farko, akwai wani ciwo da likitoci ke kira maisitoma, yana shiga jiki ta sukar ƙaya ko wani ɗan rauni, ya kumbura ƙafa sannu a hankali, ya ci nama ya ci ƙashi, har wani lokaci sai an yanke. Manoma da makiyaya masu tafiya ba takalmi ya fi kamawa, a ƙasashen bakin hamada tun daga Senegal har Sudan. A 1991 Jami'ar Hartum ta kafa cibiyar bincike a kan wannan ciwo a Soba, ta zama madogarar duniya a kansa, da ƙoƙarin masananta kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Yaƙi ya rufe wannan cibiya, aka lalata kayanta.

Na biyu, a Wad Madani, cikin yankin Jazira, akwai rumbun ajiyar iri na ƙasa, inda aka tara dubban ire-iren dawa da gero da riɗi da sauransu, waɗanda manoma suka gada kaka da kakanni. Da garin ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023, aka wawashe wurin. Abin da ya rage asara shi ne an kai wani kaso ajiya a babban rumbun iri na duniya da ke Svalbard, can ƙasar Norwe cikin ƙanƙara. To, jama'a, ƙasar da ke noma dawa da gero kamar mu, wadda ke fama da ƙuduji da fari kamar mu, wadda ke tsagar ƙaro kamar mutanen Barno da Yobe da Jigawa, in iliminta na noma ya ɓace, asarar tamu ce tare da su. Masananta sun daɗe suna binciken ƙuduji da alkama mai jure zafi, mu kuwa muna da cibiyar binciken noma a Samaru ta Zariya, da cibiyar binciken Tafkin Chadi a Maiduguri. Wa ya fi mu cancantar ba su fili su ci gaba da gwaji?

Waɗansu sun riga mu. A 2023 ƙasar Ruwanda da ƙasar Tanzaniya kowacce ta karɓi ɗaliban likitanci fiye da ɗari daga wata jami'ar Hartum, suka ƙarasa koyon aiki a asibitocinsu. Waɗannan ƙasashe ba su da Mai Wurno, ba su da tarihin 1934. Alheri danƙo ne, in ji Bahaushe, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin kunya ne a ce na Sudan ya faɗi a ƙasarmu bai manne ba.

Ga shawararmu ga ma'aikatar harkokin waje da ma'aikatar ilmi, da jakadun ƙasashen biyu. Da farko, a rubuta yarjejeniya wadda za ta ba malaman jami'o'in Sudan kujerun aro a jami'o'inmu, shekara biyu ko uku, musamman a likitanci da noma da injiniya da lissafi, da sharaɗin kowane ɗaya ya horar da magaji kamar yadda magabatansu suka yi a Kano. Na biyu, a kafa kwamiti na ƙasashen biyu mai tabbatar da takardun karatu, domin ɗalibin da ya yi shekara huɗu a can kada a mai da shi ajin farko saboda ofishin da ke riƙe da sakamakonsa ya ƙone. Na uku, a ware gurabe ga ɗaliban Sudan a jami'o'inmu da asibitocinmu na koyarwa, a karɓi kuɗin makaranta daga gare su daidai da na ɗan ƙasa. Na huɗu, a haɗa cibiyoyin bincike biyu biyu, Samaru da Wad Madani, asibitin koyarwa na Kano ko na Maiduguri da masanan Soba, kowane aiki da sunan mai kula da shi, da kuɗinsa, da ranar ba da rahoto.

Mai yiwuwa wani ya ce, mu da jami'o'inmu suka yi wata takwas a rufe a 2022 saboda yajin aiki, ina muka ga abin ba wani? Amsa ita ce, wannan kyauta ce mai komowa gida. Likitocinmu da malamanmu suna ta ƙaura zuwa Ingila da Saudiyya da Amurka, sassa da yawa a jami'o'in Arewa suna neman manyan malamai. Kayan aikin kuma muna da su. Tun 1987 Nijeriya ta kafa shirin aika ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiyan, da kuɗinta, akwai kuma asusun TETFund na raya manyan makarantu. Ƙasar da ta iya aikawa ta iya karɓa.

Wani kuma ya ce, ashe ba kwashe musu malamai za mu yi ba, mu ƙara musu rauni? Domin haka muka ce aro, da wa'adi, da hannun jami'arsu ta asali cikin takarda. Malamin da ya zauna ba aiki, ko ya koma tuƙin mota a baƙuwar ƙasa domin ciyar da iyali, shi ne wanda Sudan ta rasa. Wanda ya ci gaba da karantarwa a Sakkwato ko Zariya, ranar da aka kira shi zai koma da iliminsa a raye. Sojan gwamnati sun karɓe Wad Madani a Janairu 2025, Hartum a Maris 2025, amma gina bango ya fi tara malamai sauƙi. Game da tsoron a ce mun goyi bayan wani ɓangare a yaƙi, sai mu ce yarjejeniyar ta tsaya kan jami'a da ɗalibi da majiyyaci, kada a cusa mata wani abu daban.

Muna kira ga sarakunanmu da shugabannin jami'o'i, da dukan wanda ya taɓa zama gaban malamin Sudan ko gaban almajirinsa, alƙali ne ko likita ko limami, su ɗaga murya har maganar ta isa Abuja. Wakilanmu a majalisa su tambayi ministoci a fili: malami nawa aka gayyato, ɗalibi nawa aka karɓa, yaushe za a sa hannu? Zumunta a ƙafa take. Su sun tako sun zo mana lokacin da muke bukata, yanzu saura mu.

Allah ya kashe wutar fitina a Sudan, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya ba shugabanninmu ikon sanin alheri da rama shi, amin. Wassalam.