A Daina Ɗora Rumbun Bayanan Jama'a Kan Windows Na Sata!

Jama'a, yau magana ce da masu haɗa wa mutane kwamfuta a Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure. Kemis ko makaranta ko asibitin kuɗi su ba ka kwangilar haɗa saba, wato kwamfutar da za ta riƙe rumbun bayanansu, sai ka ɗauko filas ka zuba mata Windows 7 na sata, ka karɓi kuɗinka ka yi gaba. Wallahi wannan cin amana ne.

Microsoft ya daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a Oktoban 2025. Shi kuwa na sata, abu na farko da ake yi masa shi ne kashe afdet don kada a gano shi, ga shi ba ka san abin da mai fasa shi ya cusa a ciki ba. Ka tuna WannaCry a Mayun 2017? Ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin gwamnatin Ingila, alhali maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su suka ji a jikinsu. To ina ga sakamakon jarrabawar yara ko lissafin bashin kemis?

Mafita tana nan kyauta: Linux. Ubuntu Server 24.04 LTS yana da gyaran tsaro na shekara 5 ba ko sisi, haka Debian ma kyauta ne. Ka ɗora PostgreSQL ko MariaDB a kai, tsohuwar kwamfuta mai RAM 4GB ta ishi ƙaramin shago. Kuma Linux ba baƙo ba ne, Android ɗin da ke hannunka a kansa aka gina shi.

Na san abin da za a ce: "Manhajar kwastoma sai a Windows take aiki." To a bar Windows a kwamfutar mai karɓar kuɗi, rumbun ya zauna kan Linux in manhajar ta yarda. Ko SQL Server na Microsoft tun 2017 yake aiki a Linux. In kuma dole sai Windows Server, ka faɗa wa mai aiki gaskiya ya sayi lasisi. Araha ba ta ado.

"Ba mu iya baƙin allo ba." Wannan ba hujja ba ce, malam. Garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ba zai rasa mai koya maka umarni goma ba. Fara da wannan:

sudo apt update && sudo apt upgrade

Sai dai fa Linux ba laya ba ce. In wuta ta ɗauke ana cikin rubuta bayani, ko faifai ya ƙone, ba zai cece ka ba. Ka haɗa UPS ko inbata, ka sa pg_dump ya riƙa kwafe rumbun kowane dare, a ajiye kwafi ɗaya a wani gini daban.

Kai kuma mai shago, kafin ka biya, tambaye shi abu uku: wace babbar manhaja ka sa? Har yaushe za ta samu gyaran tsaro? Ina kwafin ajiyata? In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.