Garin Kwana Ko Garin Zama?

'Yan'uwa ɗalibai, a ƙasar Suwidin akwai wani ƙaramin gari, Knivsta, wanda muke ganin labarinsa ya cancanci nazari. Yana tsakanin Stockholm, babban birnin ƙasar, da Uppsala, birnin tsohuwar jami'arsu. Hanyar jirgin ƙasa da aka buɗe tsakanin biranen nan biyu a 1866 ita ce ta haife shi. Bayan da aka kafa tasha sai ga injin tsaga katako, ma'aikata suka gina gidaje kewaye da shi. A lokacin nan mutum yakan taka da ƙafa zuwa wurin aikinsa.

Yau aikin katakon ya zama tarihi. Jirgin da ya kawo wa garin sana'a a da, shi ne yake kwashe ma'aikatansa da asuba, ya mai da su da almuru. Uppsala kamar minti 10 ce a jirgi, Stockholm kuwa wajen rabin awa, ga filin jirgin sama na Arlanda a maƙwabtaka. Saboda haka magidanta masu neman sarari suka yi ta kwararowa.

Ba mu ƙi ci gaba ba. Abin tsoron shi ne, garin da mutanensa ke yini a wani wuri yakan rasa bakin magana, watau a yanke masa hukunci a ofisoshin birni alhali mutanensa suna cikin jirgi. Mutanen Knivsta sun farga. Tun 1971 suna ƙarƙashin hukumar Uppsala, amma a 2003 suka ɓalle suka kafa tasu ƙaramar hukumar, wadda ke karɓar harajinsu, ta kula da makarantun 'ya'yansu.

Duk da haka gwagwarmaya ba ta ƙare ba. A 2017 aka ƙulla yarjejeniya da gwamnati cewa za a mai da layukan dogo huɗu, garin kuma ya gina gidaje 15,000. Nan fa gardama ta kaure, domin wasu mazauna sun ga nauyin ya fi ƙarfin garinsu. Mu dai muna ganin gardamar nan alamar lafiya ce, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da yawa cikinmu gobe mu ne a ofisoshin tsara gari. Lalle kafin mu zana layin dogo a taswira, mu tambayi mutanen tasha irin garin da suke so su wayi gari a cikinsa.