Idan wayar ɗan Kwari ta ɓata, me ya rage a shagon?

1/
Jama'a ku ɗan ba ni minti uku. Akwai wata dabara da ta hana ni barci tun hutun da ya wuce. Kafin in ɓata kuɗin data da lokacin karatuna a kanta, ina so ku faɗa min gaskiya, ko da ba daɗi.

2/
Duk hutu a shagon kawuna nake yi a Kantin Kwari. Atamfa, shadda, leshi. Yawancin manyan kwastomominsa ba 'yan Kano ba ne: Maraɗi, Damagaram, Chadi, Kamaru. Wasu shekara guda ba su zo ba. Hoto ake tura musu a WhatsApp, su zaɓa, su turo kuɗi, a kai kaya tasha.

3/
Ana saura sati biyu sallah aka ƙwace masa waya a hanyar gida. Wayar ba ta dame shi ba, washegari ya sayi wata a Farm Centre. Lambobin ne. Yaron da ya buɗe masa imel ɗin da suke ciki ya bar gari, kalmar sirri kuma babu wanda ya sani. Dawo da layin ya ci kwanaki saboda sunan da ke jikin NIN bai yi daidai da na rajista ba.

4/
Littafin bashi yana nan lafiya lau: "Alh. Nijar, dila 2." Wane Alhajin? Wallahi ranar na ga babban mutum ya zauna shiru, ya kasa cin abinci.

5/
Ra'ayina shi ne tsarin ne a birkice. Ni nake ajiye lambarka, kai kake ajiye tawa. In ka canza layi, mutum ɗari biyar na riƙe da matacciyar lamba. Shi ya sa wayoyinmu suka cika da "Hajiya Leshi", "Hajiya Leshi 2", "Hajiya Leshi sabuwa".

Kuma layin da ya daɗe a ajiye, kamfani na iya sayar wa wani. A wasu manhajojin kuɗi, lambar wayar ita ce lambar asusu. Ku yi tunanin abin da hakan ke nufi.

6/
Abin da nake son ginawa: kowa yana da kati ɗaya a intanet, shi kaɗai ke gyara shi. Lamba, layin da shago yake, lambar asusu. In ka canza wani abu, duk wanda ka ba katin zai ga sabon nan take. Ɗan tambarin nan da ake haskawa da kyamara, a manna a ƙofar shago ko a buga a jikin leda.

7/
Na san za a ce ai ga Truecaller. Shi sunan da wasu suka raɗa maka yake nunawa. WhatsApp kuma yana da wurin canza lamba, amma sai tsohon asusunka na hannunka.

8/
Inda nake jin tsoro kuwa: kawun nawa da kansa ya ƙi. Ya ce, "Ɗana, kwastoma sirri ne. In zuba su a na'urar wani, gobe maƙwabcina ya saye su?" Bai yi ƙarya ba. Ga masu garkuwa da mutane, ga 'yan damfara. Wata 'yar ajinmu mai sayar da mayafai ta ce kiran "ina sonki" ya riga ya ishe ta.

Don haka dole a iya rufe wa mutum kati bayan an ba shi. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta hau kaina daga ranar da na karɓi lambar farko.

9/
Sai wanda ba ya karatun boko, ko mai ƙaramar waya. Har yanzu ban gano bakin zaren nan ba.

10/
To ga tambayoyina. Za ka yi amfani da shi? Babanka da ke Kwari ko kasuwar Sabon Gari fa, zai yarda? In an ce naira 500 a wata, za ka biya, ko sai kyauta?

Kar ku ce min "Allah ya sa albarka" kawai don Allah. Na gode da addu'a, amma eh ko a'a nake nema. In na samu 'yan kasuwa 30 da suka yarda su gwada, zan fara bayan jarrabawa. In ban samu ba, in koma awon yadi.