Amish da Menonayit: Kiristocin da Suka Ƙi Miƙa wa Mahukunta Aƙidarsu

In aka ambaci Amurka, abin da ke faɗo wa matashi a rai shi ne dogayen benaye, jiragen yaƙi da finafinai. To amma 'yan uwa, a cikin Amurkar akwai wasu mutane masu tafiya a keken doki, ba sa jan lantarkin gwamnati zuwa gidajensu, ba sa shiga soja, matansu na rufe kai, mazansu kuma su bar gemu da zarar sun yi aure. Su ne Amish, 'yan uwan Menonayit. Jama'a da dama na ɗaukarsu ƙauyawan da zamani ya bari a baya. Alhali kuwa tarihinsu amsa ce ga babbar tambaya: shin wa ke da iko da aƙidar mutum?

Kiristoci ne tsantsa. Sun yi imani da Triniti da gicciye Annabi Isa (AS), abin da Musulmi bai yarda da shi ba. Wato rigimarsu da sauran Kiristoci ba a nan take ba. Ta faro ne a birnin Zurik na Suwizalan a Janairun 1525, inda wasu almajiran Zwingli, jagoran gyaran coci, cikinsu har da Conrad Grebel da Felix Manz, suka ce baftismar jariri ba baftisma ba ce, domin jariri bai san me aka yi masa ba. Sai suka yi wa junansu baftisma suna manya. Daga nan aka laƙaba masu sunan “masu sake baftisma”.

Me ya sa zuba ruwa ya zama laifin kisa? Domin a Turan wancan zamani coci da hukuma a haɗe suke. Baftismar jariri ce ke shigar da shi coci, ta kuma sa shi cikin talakawan mai mulki. Duk wanda ya ce shiga addini zaɓin baligi ne, ya ƙwace wa hukuma wani iko ke nan. Ƙari a kan haka, a matsayar da suka rubuta a Schleitheim a 1527 sun haramta wa kansu ɗaukar takobi da yin rantsuwa. Mai mulki kuwa ba ya jure talakan da ba zai yi masa rantsuwa ba, ba zai kuma je masa yaƙi ba.

Sai aka far masu. A 5 ga Janairun 1527 hukumar Zurik, wadda Furotesta ce, ta nutsar da Manz a kogin Limmat. A wannan shekarar mahukunta 'yan Katolika suka ƙona Michael Sattler. A 1529 majalisar daular Jamusawa ta yanke hukuncin kisa a kan masu wannan aƙida. Ashe Katolika da Furotesta da ba sa ga maciji da juna sun samu abin da ya haɗa su!

Akwai waɗanda suka zaɓi makami. A 1534 sun kama birnin Munster na Jamus, a 1535 aka murƙushe su. Cikin waɗanda suka wanzu akwai mabiya Menno Simons, limamin Katolika daga Holan da ya bar cocinsa a 1536, wanda daga sunansa aka samu Menonayit. A 1693 Jakob Ammann ya ɓalle, yana ganin an fara sassauci wajen ƙaurace wa mai saɓa doka, mabiyansa su ne Amish. A ƙarni na 18 suka yi hijira zuwa Fensilbaniya.

A can ma ba a ƙyale su ba. Sun ƙi biyan kuɗin fanshon gwamnati, suna cewa kula da tsoho nauyin jama'arsa ne. A 1961 jami'an haraji suka ƙwace dawakin wani manominsu yana cikin huɗa, amma a 1965 majalisa ta ɗauke wa masu sana'ar kansu wannan haraji. A 1972 kotun ƙolin Amurka ta yarje masu su tsayar da karatun boko na 'ya'yansu a aji takwas.

Shin me ya riƙe su? Ba jarida, ba jam'iyya, ba ihu a titi. Aƙidar ce suka mayar rayuwar yau da kullum. Mafi yawansu ba su da ginin coci, a gidajensu suke ibada bi da bi duk mako biyu. Da ƙuri'a ake fid da limami, ba ya kuma karɓar albashi. Rumbun wani ya ƙone, jama'a su taru su yi masa gayya. Mota kuwa ba wai sun ɗauke ta shaiɗan ba ne, tsoronsu kada ta raba mutum da maƙwabcinsa. Menonayit mafi yawansu sun rungumi mota da jami'a, sun bazu a duniya sun haura miliyan biyu, babban kaso a Afirka. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya faro a Garkida a 1923, dangin wannan tafarki ce.

Ranar jarrabawa ta zo a 2 ga Oktoban 2006, inda wani mutum ya shiga makarantar Amish a Nickel Mines ya harbe 'yan mata 10, biyar suka mutu, sannan ya kashe kansa. Amish suka je yi wa iyalinsa ta'aziyya, suka halarci jana'izarsa, har suka ba matarsa wani abu daga gudunmawar da aka tara masu. Abin da suke faɗa a baki, ranar nan an gan shi a aikace.

Wannan ba yana nufin tafarkin ba shi da aibu ba. Ƙaurace wa wanda ya fita bayan baftisma kan raba ɗa da iyayensa. An samu lokutan da aka rufe laifin cin zarafin yara a cikin gida da sunan yafiya. Sannan wanda ya janye daga al'umma ya tsira da kansa ne kawai, zaluncin da ake yi wa wasu yana nan daram.

Duk da haka lissafi ba ya ƙarya. A 1900 Amish ba su wuce kimanin 5,000 ba, yau sun haura 350,000, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na matasansu su ke zaɓar baftisma da kansu. Majalisar daular da ta yanke masu kisa ta zama tarihi, su kuwa suna nan suna huɗa. Lallai aƙidar da aka cusa wa mutum da ƙarfin hukuma, da hukumar take faɗuwa. Wadda baligi ya zaɓa, ya biya farashinta, ya rayu da ita a gona da gida, ko kogi bai iya nutsar da ita ba.